Lasisin Tuƙi Da Kuɗin Ciyar Da 'Ya'ya A Amurka

Zancenmu na yau zai ƙetare teku ne zuwa Amurka, amma kukan da ya haifar da shi kin san shi sarai: aure ya mutu, an bar mace da yara, uban ya yi ɓatan dabo, ko sisin kobo babu. To, in uba ya ƙi ciyarwa, ta ina hukuma za ta kama shi? Su can, ta mota suka kama shi.

A da, wannan magana ta jihohi ce, kowace da dokarta. Alƙali zai yanke wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata, shi kuwa gogan naki sai ya tattara ya koma wata jiha, shi ke nan, sai a bar uwa riƙe da takardar kotu. A watan Janairun 1975 ne Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin tarayya na karɓo kuɗin ciyar da yara. Kada ki ɗauka tausayin mata kaɗai ya jawo haka. Gwamnati ce ta ga kuɗin tallafin da take bai wa iyaye mata matalauta yana ta hauhawa, ta ce bari ta nemo ubannin su mayar mata da abinta. Macen da ke karɓar tallafi sai ta sallama wa jiha haƙƙinta na kuɗin ciyarwar, in an karɓo, jiha ta fara cire nata. Wannan wuri, gaskiya, ya daɗe yana yi mini zafi.

A 1988 aka ƙarfafa cire kuɗin kai tsaye daga albashi. Dabara ce mai kyau, amma ga mai albashi. Makaniki fa, ko magini, ko mai sana'ar da ake biyansa hannu da hannu? Babu inda za a datsa. Daga nan wasu jihohi suka fara duban lasisi. Jihar Maine ce ta yi suna a kan haka tun 1993: ta aika wa masu bashi wasiƙu cewa ko su biya, ko su zo a tsara yadda za su biya, ko kuma lasisinsu ya tafi. Sai ga kuɗi suna shigowa, alhali lasisin da aka ƙwace a zahiri kaɗan ne. Tsoron bulala ya fi bulalar aiki.

Ki gane, 'yar'uwa, can ba kamar nan ba ne da za ki tsaya bakin titi ki tare A Daidaita Sahu. In kin bar manyan birane, wurare da yawa babu motar haya. Aiki, asibiti, kanti, duk sai da motarka. Wanda aka raba da lasisinsa kamar an ɗaure masa ƙafa ne.

Ranar 22 ga Agusta, 1996, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a babbar dokar gyaran tallafin matalauta. A cikinta aka wajabta wa kowace jiha ta samu hanyar dakatar da lasisin tuƙi, da na sana'a, har da na farauta da kamun kifi, ga duk mai bashin ciyarwa. Aka haɗa da hana fasfo ga wanda bashinsa ya haura dala 5,000, daga baya a 2006 aka sauko da shi zuwa dala 2,500. Dokar ba ta ce uba kawai ba, uwa ma in ita ke da bashin tana ciki, sai dai galibinsu maza ne.

Da na fara karanta wannan tarihi, cewa na yi madalla, maganinsu ke nan. Amma da tafiya ta yi nisa sai wani abu ya fito. A 2007 cibiyar bincike ta Urban Institute ta duba jihohi tara, ta gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bashin yana wuyan mutanen da ko dai ba su da wani samu a rubuce, ko kuma samunsu bai wuce dala 10,000 a shekara ba. Wato akwai wanda ya ƙi, akwai wanda ya kasa, dokar kuwa ta haɗa su a kwando guda. Mai hali, wasiƙa ɗaya ta ishe shi, gobe ya biya. Talaka kuwa a ƙwace lasisin, ya kasa zuwa aiki, a sallame shi, bashi ya ci gaba da taruwa. In ya saci jiki ya yi tuƙi aka kama shi, ga tara, wani lokaci ga gidan yari. Kuma wata doka ta 1986 ta hana alƙali ya rage bashin da ya riga ya taru. Yaran da aka yi abin domin su, me ya shiga cikinsu? Shi ya sa jihohi da dama suka koma ba da lasisi mai iyaka, wanda mutum zai je aiki ya dawo da shi kawai.

Birtaniya ma ta bi sahu da dokarta ta shekarar 2000, inda kotu ke iya hana mutum tuƙi har tsawon shekara biyu. Sai dai su sun gindaya wa alƙali sharaɗi kafin ya yanke: ya kira mutumin gabansa, ya binciki abin hannunsa, ya tabbatar ƙi ya yi da gangan ko sakaci, sannan ya duba ko da wannan lasisin yake neman abinci.