Dokokin kare muhalli a Najeriya: Me suka tanadar wa manoman Gaya da Ajingi?

Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ke gabashin jihar Kano yankuna ne na noma da kiwo, ba na manyan masana'antu ba. Sai dai duk abin da aka zuba a kogi a birnin Kano yana iya iske su har gida.

Kogin Challawa da kogin Kano suna haɗuwa ne a kudu da birnin, su ratsa Wudil, su bi ta gefen ƙasar Ajingi zuwa Ringim da Haɗejia. Da wannan ruwa ake noman rani, ake shayar da dabbobi, ake kuma kamun kifi.

A can sama kuwa, akwai masana'antun jima a yankunan Challawa da Sharaɗa, waɗanda aka daɗe ana kokawa da dagwalon da suke fitarwa. Dagwalon jima kan ƙunshi sinadarin kuromiyam, wanda ke taruwa a ƙasa da jikin tsirrai.

Kare mutumin da ke ƙasan kogi daga ɓarnar wanda ke samansa na daga cikin manyan dalilan kafa dokokin muhalli.

Asalin dokokin

A shekarar 1988 ne aka gano dubban tan na shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, da ke jihar Delta a yanzu.

Lamarin ya sa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai jibge irin wannan shara, da kuma doka mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA.

A 1992 aka ƙara dokar da ta wajabta nazarin illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA a madadin FEPA, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da masana'antun fata.

Manufofin dokokin

Manufa ta farko ita ce rigakafi. Doka ta ƙayyade yawan gubar da za a iya bari a cikin ruwan masana'anta, ta kuma tilasta a tace shi kafin a sake shi, domin tsabtace kogin da ya riga ya gurɓata ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Ta biyu ita ce wanda ya yi ɓarna shi zai biya. Wannan ƙa'ida, wadda taron duniya na Rio ya jaddada a 1992, na nufin kada kuɗin gyara ya faɗa kan manomin da tumatirinsa ya lalace ko masuncin da kifinsa ya mutu.

Ta uku ita ce alkinta albarkatu saboda 'yan baya. A ƙasar Gaya, wannan ya shafi itatuwa irin su gawo da ɗorawa da kuka, waɗanda saran itacen girki da yin gawayi ke ragewa. Gawo dai yana zubar da ganyensa da damina, ya ƙara wa gona albarka ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba.

Ta huɗu ita ce adalci wajen rabon ruwa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa Gorge ta 1992 sun bunƙasa noman rani, amma sun sauya yadda ruwa ke isa fadamun Haɗejia da Nguru, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama.

Ba baƙon abu ba ne

Tun kafin zuwan Turawa, garuruwan ƙasar Hausa na da hurumi da burtali da mashaya, waɗanda ba a yarda kowa ya mayar da su gona ba. Haka nan malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin haramin rijiya da na kogi, wato filin da ba a taɓawa saboda maslahar jama'a.

Inda gizo ke saƙar

Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati alhakin kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka da namun daji. Amma sashen yana cikin babi na biyu ne, wanda ba kasafai ake iya kai gwamnati ƙara a kansa ba.

Haka kuma an raba aikin tsakanin NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha da hukumar raya kogunan Haɗejia da Jama'are da ƙananan hukumomi, abin da kan sa kowa ya jira ɗan'uwansa.

Mutuwar yara kimanin 400 a jihar Zamfara a 2010 sakamakon gubar dalma ta nuna abin da kan biyo baya idan doka ta tsaya a kan takarda.

Ga manomin fadama a Ajingi, ba a ofis ake gane ingancin doka ba. Ana gane shi ne a irin ruwan da ya iso bakin gonarsa.