Yadda Kuki Ya Koma Ɗan Leƙen Asiri

A shekarar 1994, shafukan intanet ba sa tuna kowa. Ka buɗe shafi, ka danna zuwa na gaba, kwamfutar da ke ɗauke da shafin ta ɗauke ka sabon baƙo. Kamar mai kanti ne da zai miƙo maka sabulu, ka juya ka ɗauko sukari, ka waigo ya ce, "Malam, me ake so?" Ciniki ba zai yiwu a haka ba.

Wani matashin injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, Lou Montulli, shi ya samo mafita. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kowace burauza lamba guda ta dindindin, wadda duk shafin da aka shiga zai gani. Montulli ya ƙi, domin ya san da ita za a iya bin sawun mutum ko'ina. Sai ya tsara cewa kowane shafi ya ba mai ziyara ɗan guntun rubutu, kamar tikitin da mai gadin babura ke ba ka, kuma babu mai karanta shi sai shafin da ya bayar. Ya kira shi kuki, sunan da ya aro daga tsohon salon maganar masu rubuta manhaja.

To, amma ya bar ƙofa a buɗe. Shafi ɗaya kan ƙunshi hotunan da aka ɗauko daga kwamfutocin wasu kamfanoni, kuma kowane hoto na iya zuwa da nasa kukin. Kamfanin talla na DoubleClick ya gano amfanin wannan. Idan tallansa yana kan shafuka ɗari, to duk inda ka shiga cikinsu, lambar da ya ba ka tun farko ce za ta koma gare shi, tare da bayanin shafin da kake karantawa. Bai san sunanka ba, amma ya san lamba kaza tana karanta labarin ƙwallo da safe, tana binciken maganin ciwon suga da dare.

Yawancin jama'a ba su ma san da kuki ba sai da jaridar Financial Times ta yi rubutu a kansa a Fabrairun 1996. Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 1997, Montulli da David Kristol suka fitar da daftarin ƙa'ida mai suna RFC 2109, wanda ya nemi burauza ta toshe irin waɗannan kukis na 'yan talla tun daga saitin farko. Netscape da Microsoft, masu manyan burauzoji na lokacin, suka yi biris. A ganina, nan aka yi babbar asara. Duk mai rubuta manhaja ya san mutane ƙalilan ne ke taɓa saitin da suka tarar. Yadda aka ba su abu, haka suke amfani da shi har su canja waya.

Saura suna. A 1999 DoubleClick ya sayi Abacus Direct a kan dala biliyan 1.7, kamfanin da ke riƙe da sunaye da adireshi da tarihin sayayyar miliyoyin gidaje a Amurka. Da aka ji cewa za a haɗa waɗannan sunaye da lambobin kuki, sai aka yi caa a kansa. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta buɗe bincike, aka shigar da ƙararraki, kuma a Maris ɗin 2000 shugaban kamfanin, Kevin O'Connor, ya amsa cewa ya yi kuskure, ya dakatar da shirin.

Google ya sayi DoubleClick a kan dala biliyan 3.1, cinikin ya kammala a 2008. Shekaru da dama ya ware bayanan biyu: na talla daban, na asusun mutum daban. A 2016 ya gyara ƙa'idar sirrinsa ta yadda za a iya haɗa su. Tsofaffin masu asusu an tambaye su, sababbi kuwa haka suka tarar da shi a kunne. Abin da ya tayar da ƙura a 2000 ya wuce kusan shiru, duk da rahoton da kafar ProPublica ta yi a kai.

Turai ta bi ta hanyar doka. Gyaran 2009 ya wajabta neman izini kafin a ajiye kukin talla, dokar GDPR ta ƙara tsananta sharuɗɗan a Mayun 2018. Su ne asalin akwatunan nan da ke tare maka allon waya, waɗanda yawancinmu muke danna "na yarda" don kawai su kauce.

Firefox ta fara toshe kukis masu bin sawu a 2019, Safari ta rufe ƙofar gaba ɗaya a 2020. A Janairun shekarar nan ta 2020 Google ya ce Chrome zai bi sahu cikin shekara biyu. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. A Yulin 2024 kamfanin ya sanar da cewa ya fasa, kuma Chrome ita ce burauzar da ke zuwa cikin yawancin wayoyin Android da ke hannunmu.