Tsarabar Masu Ziyara a Turai ta Da

'Yan uwana mata, ranar da Gwaggona ta dawo daga Makka gida ya cika maƙil. Kafin la'asar an raba dabino da zamzam da tasbaha da 'yan kallabi. Washegari sai ga matan ƙannenta biyu sun daina gaisawa, wai an fifita ɗaya wajen rabo. Abin ya tsaya min a rai, har na shiga bincike ko mu kaɗai ne tsaraba ke haɗa mu faɗa. Ashe ita tsaraba tsohuwa ce ko a wajen wasu.

Shekaru ɗari takwas baya, Kiristocin Turai sukan bar gida wata da watanni, wasu a ƙasa wasu bisa doki, zuwa Ƙudus ko Rum ko Santiyago ta ƙasar Sifen. Kowane wuri da alamarsa. Wanda ya je Ƙudus yakan dawo da reshen dabino. Na Santiyago kuwa ɓawon wata dabbar teku ne mai kamar mafici, ya ɗinke shi a hularsa, kowa ya gani ya san inda ya fito.

A Ingila, a 1170, jaruman Sarki Henri na Biyu su huɗu suka kashe babban limamin coci Tomas Beket a cikin cocin Kantabari. Nan da nan kabarinsa ya zama wurin ziyara. Ana zuba ruwan da aka ce an gauraya shi da jininsa a 'yan ƙananan kwalabe na dalma, a rataya a wuya, a kai wa mara lafiya a gida. Daga baya maƙera suka riƙa narka dalma da kuza suna zubawa a mazubin dutse, suna fitar da bajoji masu araha da ko talaka zai saya. Kasuwa ta buɗe sosai, har a 1199 Fafaroma ya ba malaman cocin Bitrus na Rum ikon yin nasu su kaɗai.

Kada ku ce maza kawai ke tafiya. Wata Baturiya, Majari Kemp, mai 'ya'ya goma sha huɗu, ta tashi zuwa Ƙudus a 1413.

To ina tsarabar take yau? A 1538 Sarki Henri na Takwas ya sa aka rushe kabarin Beket. Bajojin kuwa, da yawansu a cikin taɓon kogin Tems na Landan aka tsinto su.

Ita ma tasbahar da aka yi rigima a kanta tuni ta tsinke, yara sun watsar da 'ya'yanta. Amma gabar nan sai da ta shekara biyu. Gwaggo ta ce da ni wallahi abin da ya fi yi mata ciwo, babu wadda ta tambaye ta yaya ta ji ranar da ta fara ganin Ka'aba.

Don Allah idan matafiyinki ya dawo, ki fara tambayarsa hanya kafin ki leƙa jaka. Allah ya sa mu gane.