Daga Fensirin Mai Hoto zuwa Kwamfutar Gida: Tarihin Gyaran Hoto

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma wannan magana ce ta ba hoto darajar da yake da ita a gidajenmu. Bara na ba ɗalibaina aiki, kowa ya zo da tsohon hoto daga gidansu ya rubuta labarinsa da Hausa. Wata yarinya ta zo da hoto biyu na kakanta, wani dattijo Bagobiri. Na farko ya dushe, gara ta ci gefensa. Na biyu yayanta ne ya gyara shi da wata manhaja ta wayar hannu, ya fito fes. Sai dai fuskar dattijon ta koma sumul, domin manhajar ta ɗauka tsagarsa ta gado ƙarzuwar takarda ce, ta share ta. Garin neman gira an rasa ido. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi asalin waɗannan kayan aiki, mu san abin da suka zo da shi.

Gyaran hoto ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A ranar 19 ga Agusta 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, kuma tun cikin wannan ƙarni masu hoto suka koyi shafe tamoji da tabo da fensir a jikin gilashin da ake wanke hoton daga gare shi. Masu mulki ma ba su bar dabarar ba. A Tarayyar Sobiyet akwai hoton Stalin yana tafiya a bakin ruwa tare da Nikolai Yezhov, shugaban ƴan sandan ciki. Da aka kashe Yezhov a 1940, sai aka goge shi, aka cike gurbinsa da ruwa. Amma a wancan zamani aikin na ƙwararru ne, yana son ɗaki mai duhu da magunguna da haƙuri.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne mayar da hoto lissafi. A 1957 Russell Kirsch, wani injiniya a Amurka, ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta, ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance. Kowane ɗigo lamba ce da ke faɗin yawan haskensa, don haka duk wanda ya sauya lambar ya sauya hoton. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya harhaɗa kyamarar farko marar fim, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda a kaset. A 1982 mujallar National Geographic ta matsar da dalar Giza kusa da ƴar'uwarta don hoton ya dace da bangon mujallar, abin da ya tayar da muhawarar da har yau ba ta ƙare ba: ina iyakar gyara, ina mafarin ƙarya?

A 1987 Thomas Knoll, ɗalibi a jami'ar Michigan, ya rubuta wata ƙaramar manhaja don nuna hoto a allon kwamfutarsa. Ɗan'uwansa John, mai aikin dabarun sinima, ya ƙarfafa masa gwiwa su faɗaɗa ta. Kamfanin Adobe ya fitar da ita a Fabrairu 1990 da sunan Photoshop, a kan dala 895, kuɗin da ya fi ƙarfin mai gida. A 1994 aka ƙara mata dabarar aiki hawa-hawa, wato a ɗora gyara a bisa hoto kamar takarda mai shara-shara, a cire shi in an ga dama. A 2002 aka ƙara burushin da ke ɗauko lafiyayyen wuri ya lulluɓe tsagewa da shi. Ana cikin haka, wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka saki GIMP a 1996, kyauta ga kowa, kuma har yanzu tana nan.

Da kyamara marar fim ta yi araha a farkon shekarun 2000, sai wata matsala ta ɓullo. A da fim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka, mutum ya yi tunani kafin ya danna. Yanzu hotuna sun zama dubbai, babu suna sai lamba. Daga nan aka shiga ƙera manhajojin gida masu haɗa gyara da tsarawa: Photoshop Elements a 2001, iPhoto na Apple da Picasa a 2002. Google ya sayi Picasa a 2004 ya mayar da ita kyauta. Waɗannan manhajoji suna karanta bayanin da kyamara ke ɓoyewa cikin kowane hoto, kamar rana da sa'a, su jera hotunan bi da bi. Daga baya suka koyi gane fuska. Babbar hikimarsu ita ce ba sa taɓa hoton asali, sai su rubuta gyaran a gefe. Dalili kuwa shi ne tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yana zubar da wani abu daga hoto duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa.

Sai dai manhaja ma tana mutuwa. Apple ya ajiye iPhoto a 2015, Google ya daina kula da Picasa a 2016 bayan ya buɗe Google Photos a 2015, inda hotuna ke zaune a rumbunan kamfani can nesa. A Yuni 2021 aka kawo ƙarshen ajiya kyauta marar iyaka a wannan rumbu. Kodak kansa, wanda a ɗakunan bincikensa aka haifi kyamara marar fim, ya bayyana karyewar arzikinsa a Janairu 2012. Hoton takarda da kakanninmu suka sa a ƙasan adaka ya shekara sittin yana jira. Wanda ya rubuta sunayen danginsa cikin manhaja kaɗai, ba a jikin hoton ba, yana iya rasa su cikin shekara goma.

Mataki na baya-bayan nan shi ne na ƙirƙirarriyar basira, wadda Photoshop ma ta ɗauka a 2023 don cike gurbi da abin da babu shi. Nan ne bambancin yake. Tsohon burushi daga jikin hoton yake ɗebo abin da zai yi faci da shi. Sabuwar manhaja kuwa ta ga ɗimbin fuskokin wasu mutane, sai ta yi kirdadon yadda fuskar ya kamata ta kasance. In ba ta saba ganin tsaga ba, sai ta ɗauke ta aibi. Abin da ya sami kakan ɗalibata ke nan.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya bar mana rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970 cikin hotuna, kuma kowane gari yana da masu hotonsa da ba a rubuta sunansu ba. A Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19. Duk mai son sanin kamanninsa na asali, hoto zai tambaya. In mun bar hotunanmu ga gara da zafi da ambaliya, mun yi asarar shaida. In mun gyara su har suka daina faɗin gaskiya, mun yi asarar da ta fi wannan, domin ba wanda zai san an yi ta.

Saboda haka nake kira ga malamai ƴan'uwana da ƙungiyoyin raya al'adu. A kwafi tsohon hoto da sikana, gaba da baya, a ajiye kwafin farko ba tare da an taɓa shi ba, a yi gyara a kan na biyu, kuma a faɗa cewa gyararre ne. A sa sunan mutum da gari da shekara cikin sunan hoton kansa. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kada a dogara da wanda aka turo ta WhatsApp, domin an matse shi, an cire masa bayanansa. Abu mafi gaggawa shi ne a zauna da tsofaffi tun suna raye, su faɗi wane ne wannan, wace ce waccan, gama babu manhajar da ta san sunan kakar kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗalibata ta koma gida ta tambayi kakarta. Tsohuwar ta dubi hoton da aka gyara ta ce ba ta san mutumin ba. Da aka miƙa mata wanda gara ta ci, sai ta kira sunan mijinta.