Annoba da tsofaffin Damagaram: daga Marisuwa zuwa Korona

Ina yaro, idan aka tambayi kakata shekarar da aka haifi mahaifinta, ba ta ambaton lamba. Sai ta ce tsakanin Kakalaba da Marisuwa ne. Sai da na girma na gane Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914, Marisuwa kuma murar nan da ta ratsa duniya a 1918, lokacin da Zinder ke hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Tsofaffinmu da masifu suke ƙirga zamani: shekarar agana, shekarar sanƙarau, shekarar fara.

Shi ya sa da Korona ta shigo Nijar ranar 19 ga Maris 2020, kawuna, wanda ke zaune a wani ƙauye na karkarar Hamdara cikin gundumar Mirya, bai razana ba. Yana da tabon lambar agana a dantsensa, ya kuma ga sanƙarau na 1995 da 1996 yana ɗauke yaran maƙwabta. Abin da bai taɓa gani ba shi ne a rufe masallaci.

Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da makarantu da wuraren ibada, aka killace Yamai. A Mirya matasa suka tayar da tarzoma a ƙarshen Maris saboda hana sallar jam'i. Labarin tarzomar ya cika gidajen rediyo, amma ban ji wanda ya tambayi yadda dattijo ke wuni ba. Rayuwarsa a waje take: sallah biyar a masallaci, hira a gindin bishiya, suna, ɗaurin aure, jana'iza, ranar kasuwa. A nan ake gaishe shi, a nan ake kawo masa ƙara ya sasanta, a nan wani zai damƙa masa goro ko ɗan abin cefane ba tare da ya roƙa ba. Da aka ce a daina musabaha da taruwa, duk wannan aka taɓa. Kawu ya ce mini a waya azumin shekarar ya fi kowane tsawo a gare shi, don babu tafsiri, babu tarawihi cikin jama'a.

Akwai kuma batun aljihu. Galibin tsofaffin karkara ba su da fansho, ƴaƴansu ƴan ci-rani ne ke aiko musu daga Kano, Agadas, Libiya ko Aljeriya. Najeriya ta riga ta rufe iyakarta tun Agustan 2019, ga annoba ta tsayar da aiki, sai aike ya ragu daidai lokacin da rumbu ke ƙarewa. Wanda ya sayar da bisashe don aikin Hajji ma ya zauna, domin Saudiyya ba ta karɓi alhazan waje ba a 2020. Ga mai shekara saba'in, shekara guda ba ƙaramin jinkiri ba ne.

An buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, allurar rigakafi ta fara a Maris 2021. Amma darasin yana nan. Nijar ƙasar yara ce, waɗanda suka haura 65 ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, saboda haka a kan manta da su wajen tsara doka. Ga shi kuwa su cutar ta fi kashewa, kuma maganarsu ake ji a gari. Idan wata annobar ta zo, Allah Ya kiyaye, a fara zama da liman da mai gari da dattawan unguwa kafin a aiko jandarma, a kuma tanadi wanda zai leƙa tsoho kullum da ƙwaryar fura da gaisuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya.