Yadda Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara Ta Gangaro zuwa Ƙananan Asibitocin Kudancin Kano

Kafin zuwan asibitin zamani, kuma har bayan zuwansa da shekaru masu yawa, idan yaro ya fara faɗuwa yana kumfar baki a ƙauyukan Bebeji da Kiru, ko yarinya ta daina magana da cin abinci a Tudun Wada, ba a rasa inda za a dosa, domin akwai malami mai rubutun sha da tofi, akwai mai maganin gargajiya da saiwoyi da hayaƙi, akwai kuma 'yan bori masu girka. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne shafar iskoki ko sammu, kuma abin lura a nan shi ne wannan tsari yana kusa da gida, ana magana da harshen da uwa ke ji, ana kuma biya da abin da ya sawwaƙa. Maganin Bature bai zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a farkon lamarinsa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki taɓin hankali a matsayin matsalar tsaro kafin ta ɗauke shi a matsayin cuta. Gidan masu taɓin hankali na Yaba a Legas an buɗe shi a 1907, dokar da aka kafa a 1916, wadda aka sake wa fasali a 1958, ta fi mayar da hankali kan yadda za a kama mutum a tsare shi, a Arewa kuwa sau da yawa wani ɓangare na kurkukun En'e ake keɓewa domin waɗanda ake tsoron su yi ɓarna. Yaro ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan, saboda ɗan shekara bakwai da ya kasa koyon magana ba ya tayar wa hukuma hankali. Sauyin tunani na farko ya zo ne daga Aro, kusa da Abekuta, inda Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara a 1954 wani tsari na ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, abin da ya nuna cewa ana iya yin jinya ba tare da an raba mutum da jama'arsa ba.

Taron Alma-Ata na 1978 shi ne ya aza harsashin abin da ake kira kula da lafiya a matakin farko, wato aikin da ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na gunduma ke yi kafin a tura marar lafiya babban asibiti. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda likitan yara ne kuma ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗora wannan nauyi a wuyan ƙananan hukumomi, kuma a 1991 aka fitar da manufar ƙasa da ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin rukuni na tara na ayyukan matakin farko. A takarda ke nan, tun daga wannan shekara ma'aikacin lafiya na Riruwai ko na Kwanar Ɗangora yana da alhakin gane irin waɗannan cututtuka. A aikace kuwa, kuɗi da horo da sa ido duk sun tafi ga rigakafi da awon ciki da zazzaɓin cizon sauro da yaƙi da shan-inna, kuma ba a ga laifin hakan gaba ɗaya ba, tunda waɗannan su ne ke kashe yara nan take. Sai dai abin takaici ne cewa yaran da suka tsira daga sanƙarau, kamar annobar da ta afka wa Kano a 1996, ko daga zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko shawarar jarirai, ko doguwar naƙuda, su ne suka koma gida da farfaɗiya da kurumta da jinkirin fahimta, ba tare da wani ya bi sawunsu ba.

Yanayin ƙasar yankin ya ƙara tsananta lamarin. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa na jihar sun taru ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, shi kuwa Dawanau yana kan hanyar Katsina, ta yadda uban da ya taso daga Riruwai a Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 150, sannan ya keta birnin Kano daga kudu zuwa arewa da yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Maganin farfaɗiya kuwa na yau da gobe ne, ana shan sa shekaru, kuma da zarar ya yanke ciwon na iya dawowa, saboda haka tafiya ɗaya ba ta wadatarwa. Manomin da ya gwada sau biyu a tsakiyar damina ba zai yi na uku ba.

Giɓin da aka bari wasu ne suka cike shi, musamman game da samari. Gidajen mari, inda iyaye ke kai 'ya'yan da suka gagara a ɗaure su da sarƙa da sunan gyaran tarbiyya, sun ci gaba da karɓar masu shaye-shaye haɗe da masu ciwon da ke buƙatar likita, har sai da samamen 'yan sanda a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ya tona halin da ake ciki. Gwamnatin Kano ta kafa cibiyar gyaran hali a Kiru a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, gwamnatin tarayya kuma ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma duk waɗannan matakai ne da ke riskar matashi bayan abu ya yi nisa.

Kayan aikin da ya dace da ƙaramin asibiti ya zo ne daga Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008 domin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su gane cututtukan ƙwaƙwalwa su kuma yi maganinsu. Littafin jagoran ya fito a 2010, an gwada shi a Jihar Osun ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, bugu na biyu na 2016 kuma ya ware babi guda ga yara da matasa, bisa hujjar cewa kusan rabin waɗannan cututtuka suna somawa ne kafin shekara 14. Babin ya kasa matsalolin gida uku: na girma, kamar jinkirin magana da fahimta, na ɗabi'a, kamar ƙiriniyar da ta wuce kima da rashin natsuwa, da na zuciya, kamar ciwon damuwa da fargaba. Abin da ya fi jan hankali shi ne ƙarancin ƙwaya a cikinsa. Ana umartar ma'aikaci ya fara duba ko yaron yana ji yana gani sosai, ko tamowa ko ƙarancin jini na damunsa, ya tambayi uwa halin da ita kanta take ciki, ya keɓe da budurwa ko saurayi domin su faɗi abin da ba za su faɗa gaban iyaye ba, sannan ya koya wa iyaye yabon yaro idan ya yi daidai da barin duka, ya kuma tuntuɓi malamin makarantarsa. Maganin ciwon damuwa ba a ba wa wanda bai kai shekara 12 ba, kuma yaron da ke maganar kashe kansa ba a barin sa shi kaɗai har sai an kai shi wurin ƙwararre.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince da haƙƙin marar lafiya na samun kulawa ba tare da wulaƙanci ba. Aiwatar da ita a kudancin Kano ya rataya ne a kan Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jihar, wadda ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 44, da kuma makarantu irin Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Bebeji, inda ake horar da ma'aikatan da za su zauna a waɗannan asibitoci, domin su ne za su ajiye maganin farfaɗiya a kabad, su rubuta ranar dawowa a kati, su kuma aika a nemo yaron da bai dawo ba.