Ƙawancen Yaƙi Tsakanin Sarki Kwasau da Sojan Lugga

Mazaunin Kamazou, a kudancin kogin Kaduna, yana kan ƙasar Gbagyi ne, kuma yadda ƙasar ta faɗa hannun Turawa yana da nasaba da wani ƙawance da aka ƙulla a Zariya.

A 1901 sojan Gwamna Lugga suka ci Kontagora. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda ya daɗe yana kai wa garuruwan Gbagyi hari yana kwasar bayi, ya tsere ya faɗa ƙasar Zazzau, ya ɗora daga inda ya tsaya. Da abin ya ishi Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau, sai ya nemi agajin Turawa. A 1902 Kyaftin Abadie ya kama Nagwamatse, soja kuma suka yi zaune a Zariya.

Akwai masu kiran wannan cin amanar Sakkwato. Ni ban ga haka ba. Kwasau lissafin sarki ya yi, irin wanda magabatansa suka saba: a haɗa kai a kori abokin gaba, a raba ganima, kowa ya kama hanyar gida. Inda lissafin ya ɓaci shi ne ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke nufi da ƙawance ba. Abin da sarki ya ɗauka aron takobi ne, Lugga ya karɓe shi a matsayin mubaya'a. Daga Zariyar nan rundunar Turawa ta tashi ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. A shekarar aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a gurbin Kwasau da aka tuɓe. Nagwamatse kuwa, wanda dominsa aka kira baƙin, mayar da shi aka yi kan gadon Kontagora.

Ƙabilar Huron ta Amurka ta ɗanɗana irin wannan. Shugabansu Tarhe ya sa hannu a sulhun Greenville da Janar Anthony Wayne a 1795, ya kuma riƙe alkawari. A 1843 aka tashi jama'arsa daga Ohio zuwa Kansas.

Su dai Huron an zauna da su, ko ba komai. Gbagyi, da yaƙin ya fi ci, sarakuna da hafsoshi suka yi magana a kansu. A 1917 Lugga ya ɗauke hedikwata daga Zungeru ya dasa ta a Kaduna, a bakin kogi, a cikin gonakinsu.